Katakon da Masta Tanko Yake Takawa

Kai mai jar hula, kai ne ka ce kiɗan jaz ba wuya, ko? Wai mutum ya rufe ido ya busa duk abin da ya zo bakinsa. To madalla. Haka mahaifina ma ya ce, Allah ya jiƙansa, sai dai shi goro yake sayarwa, yana da uzuri. Ku da kuke yawo da kiɗan duniya a cikin waya ba ku da shi. Ku gyara zama a kan katakon nan, ku daina jijjiga shi, bulo ne kawai a ƙarƙashinsa. Wanda ya ƙosa ga hanya nan, zemijan, 'yan acaɓa, ba sa ƙarewa a nan Agoè.

Ni Salifu a tsohon Zongo aka haife ni, wanda yake tsakiyar Lomé kafin a rushe shi. Abin da na ci abinci da shi shi ne wancan da ke jingine a kusurwa, kwantirbas, mutanen Zongo kuma suna ce masa uwar goge. Ranar da na fara shigo da ita gida, Baba ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa cikinta, ya ce, "Goro nawa take ci?" Na ce ba a zuba mata komai. Ya ce, "To, asarar wuri." Bai ƙara cewa komai a kanta ba har ya koma ga Allah.

Aikina na farko ɗauka ne. Maigidana a sana'a, Masta Tanko, Bahaushen Akara ne mai busa ƙahon sakso. Ya yi bandin 'yan sanda a can, ya faɗo Lomé lokacin da aka kori baƙi daga Gana, akwatin ƙaho a hannu ɗaya, buta a ɗayan. Mai kaɗa kwantirbas a bandinsa na nan Lomé ya bi jirgin ruwa ya bar kayan, ni kuma ina da tsawo, ba ni da aikin yi. Jarrabawar da na ci ke nan. Wata da watanni ina saɓa uwar goge daga Zongo zuwa wani tsohon otal na bakin teku, mata masu koko suna tambayata gawar wa na ɗauko. A otal kuwa rungumarta kawai nake yi ina motsa yatsu a iska, domin manaja mutum huɗu ya ɗauka kuma ya iya ƙirga. Fo Kwami mai fiyano, mutumin unguwar Bè, shi yake yin aikina da hannun hagu, yana hararata.

Karatun da rana ake yi, a zauren gidanmu, bayan azahar. Abin da muke kaɗawa su ake kira sitanda, tsofaffin waƙoƙin Amurka da duk makaɗin jaz ya sani, ko daga wace ƙasa jirgi ya sauke shi. Yawancinsu gini ɗaya ne. Mezir talatin da biyu, kowane mezir ƙirga huɗu. Takwas na farko, a maimaita su, sai takwas na tsakiya da muke kira gada, sannan a koma na farko. Waƙar da kunne yake kamawa a sama fenti ce kawai. Ginin yana ƙasa, shi ne akor, wato muryoyi uku ko huɗu da mai fiyano yake dannawa tare. Kowane akor yana da gindi, gindin nan kuma shi ne aikina.

Masta ba ya cewa akor na biyu, na biyar, na ɗaya, yadda 'yan makaranta suke faɗa. Cewa yake kasuwa, bakin layi, gida. In waƙa a Do take, Do ne gida. Re kasuwa ne, ka fita amma ba ka yi nisa ba. Sol bakin layinku ne, in ka iso nan ba abin da ya rage sai ka shiga, ko jariri ya san haka a cikinsa. Gada kuwa bulaguro ce. A jefa ka Mi, Mi ya miƙa ka ga La, La ya miƙa ka ga Re, Re ga Sol, yadda direbobi suke miƙa wa juna fasinja daga tasha zuwa tasha har a sauke shi a unguwarsu. Mai busa yana da damar ya bar waƙar ya yi yawonsa, abin da ake kira solo ke nan, kuma shi ne kuka gani kuka ce ba wuya. Amma dole a kowane bugu ya san inda sauran suke. In ya shiga gida muna kasuwa, ko matuƙin jirgin da ya yi tatil zai ɗago kai.

Yadda ya koya mini, shi yana busa waƙa, ni ina rera gindin da baki. In na kuskure sai ya cire ƙaho, ya ɗaga kai yana kallon azara. Shi ke nan. Bai taɓa dukana ba, kuma da ya doke ni da ya fi mini sauƙi. Da na fara jan tsirkiya, yatsuna biyu suka yi bororo suka fashe. Inna ta ce lalle yana ƙarfafa fata, ta ƙunsa mini. Na yi shekara guda da jajayen yatsu, abokaina a Zongo suna ce mini amarya. Tsirkiya kuwa ba a sayar da ita a Lomé. Sai ka je tashar jirgin ruwa ka lallaɓi wani makaɗi da ya sauko daga jirgin fasinja. In ta mutu a dafa ta a tukunya, a shanya, ta ƙara maka wata biyu.

Ranar Lahadi da yamma ita ce babbar rana a tsohon otal. Matuƙan jirgi, masu fiton kaya daga tasha, Kwarori masu kanti, da manyan matan atamfa waɗanda direba yake jira a waje. Su matan sun fi kowa kunne, in kiɗa bai yi ba ba sa cewa komai, jaka kawai suke ɗauka. Zamanin jam'iyya ɗaya ne, saboda haka kullum da waƙar jam'iyya muke buɗewa, kowa ya miƙe tsaye. Akor biyu ne a cikinta, bakin layi da gida, bakin layi da gida. Ba ta taɓa zuwa ko kasuwa ba. Bayan ita sai mu yi namu. Ni lemo nake sha, sallah kuma a bayan kicin muke yi ni da Masta, kusa da famfo.

Akwai wani wasa tsakanina da shi, ku riƙe shi don za mu dawo kansa. Daga kasuwa zuwa bakin layi, wato daga Re zuwa Sol, tsalle ne. Amma akwai lungu. Maimakon in yi tsallen, sai in zame rabin murya in taka Re bemol, in sake zamewa in faɗa Do. Gida ɗaya aka shiga, hanya ce ta bambanta. Abin da ya sa ba ya ɓata komai, muryoyi biyu na tsakiya, Si da Fa, suna cikin akor ɗin Sol, suna kuma cikin na Re bemol. Mai busa zai iya bin babban titi ni ina lungu, ba wanda zai ji an rabu. Masta kuwa ba ya barina. Da zarar na shiga lungu sai ya tare ni a ciki, ya sa La bemol, ya ɗan karkaɗa shi kamar mai gyaran murya a bakin zaure. Ma'anarsa, na gan ka, ɓarawo. Ba mu taɓa shirya inda zan shiga ba, kuma bai taɓa rasa ni ba.

Wata Lahadi Masta ya kira waƙa a Mi bemol, Fo Kwami yana kallon wata mai atamfa, ya shiga a Fa. Ni na bi fiyano. Masta ya busa a Mi bemol abinsa, ido rufe. Mutumin da in ƙuda ya yi kuskure zai kalli azara, ya yi ta tafiya bai ji komai ba, sai da ya buɗe ido ya ga masu rawa sun tsaya. Muka gyara, aka yi dariya, aka ce wasa ne. Ni da Fo Kwami muka kalli juna, ba wanda ya yi dariya a cikinmu.

A Zongo ba a gaya wa babba ya kurumce. Ɗaga murya ake yi, a ɗora wa hayaniyar titi laifi. Amma a sana'armu maganar ta fi haka nauyi. In manaja ya sani, ranar nan Masta ya sauka daga dandamali. Tsoho ne, ba shi da takardun ƙasar nan, yana da iyali a ɗakin haya, kuma samari masu ƙaho sun yi layi daga Bè suna jiran wurinsa.

Lahadin da ta biyo baya ya hau dandamali, ya tuɓe takalmi, ya jera su a gefe kamar wanda ya zo masallaci. Ya matso ya tsaya daf da inda ƙusar uwar goge take kafe a katako. Ya ce, "Salifu, daga yau ka zauna a manyan tsirkiyoyi. Ka daina hawa sama kamar biri." Na ce, "To, Masta." Iyakar maganar da aka yi ke nan.

Ƙahonsa yana jinsa ta haƙora da ƙashin kai. Mu ne ba ya ji. Amma dandamalin tsohon otal katako ne tun na zamanin Turawa, duk gindin da na ja, ƙusa tana ba itace, itace yana kai masa tafin ƙafa. Ba kowace murya yake rarrabewa ba. Yana jin bugu, yana jin na hau ko na sauka, yana jin tsalle ne ko zamiya. Ga wanda ya san hanya wannan ya isa. Na shiga lungu a ƙarshen gada don in gani, sai ga La bemol ya fito yana karkaɗa. Manaja ya ɗauka sabon yayi ne. Wasu 'yan jam'iyya ma suka yaba, suka ce tsoho ya koma ga al'adar kakanni, a yi koyi da shi. Masta ya gyaɗa musu kai. Kakanninsa a bandin 'yan sanda da takalmin but suke kwana.

Haka muka yi shekaru, sai shekarar da aka tashi Zongo. Aka ce gari zai yi zamani, aka kawo katafila, aka loda mu a manyan motoci zuwa nan arewa. Ba Agoè ɗin da kuka sani ba, lokacin ciyawa ce da sauro. A motar kaya wuyan uwar goge ya tsage. Na je wurin dukawa suka dafa mini ƙiri ya zama gam, na ɗaure da tif ɗin keke, na kwantar da ita a inuwa, ni na kwanta a rana. A shekarar nan kuma aka rufe tsohon otal, aka kwashe mu zuwa wani sabo na gwamnati. Dandamalinsa siminti ne an shafe da tayil. Ranar farko Masta ya tuɓe takalmi, ya tsaya, na ja tsirkiya, ya dube ni. Siminti ba ya kai saƙo. Ya ɓace a gada, mai ganguna ya rufe mana asiri da dogon kiɗi har hannunsa ya sage.

Washegari na koma tsohon Zongo. Ba gida, ba layi, da bishiyar ɗurumi na gane wurinmu. A cikin tarkace na zaƙulo ƙyauren zaurenmu, katakon loko ne mai kauri, masu tsince ba su iya ɗaga shi ba. Wani kafinta a Bè ya goge shi, ya huda mini gurbin ƙusa a gefe ɗaya. Na gaya wa sabon manaja cewa don kada ƙusa ta fasa masa tayil ne. Ya yi mini godiya, ya ce da ma duk ma'aikata haka suke kula da kayan gwamnati. Ni a wannan gefe, Masta a wancan, ƙafa tsirara. Aiki ya dawo daidai.

Sai aka yi wani babban taro, baƙi daga ƙasashe, aka shirya musu liyafar rana. Bandi biyu ne a otal ɗin, manaja kuma ya faɗa mana a fili cewa bayan liyafar ɗaya zai riƙe. Muna jera kaya da hantsi, sai ga mai tsara biki daga jam'iyya, da baji mai hoto a ƙirji. Ya tsaya a kan katakon.

Ya ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Katako ne, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Na ga katako ne. A fitar da shi. Kai tsoho, ina takalminka?"

Masta ya yi masa murmushi. Fo Kwami ya yi wuf ya ce, "Faransanci ne ba ya ji, yallaɓai. Rashin takalmin kuwa al'ada ce, manya ma sun yaba."

Mutumin ya ce, "Al'ada tana waje, mun kawo masu rawa. Ku zamani ne. Ya sa takalmi, ya tsaya a gaba, fuskarsa na kallon babban tebur. Kada in ga ya juya wa manya baya."

Zamanin ba a jayayya da mai baji. Na ɗauki katakon na kai bayan kicin. Masta ya ga komai. Ya zauna ya sa baƙin takalminsa na 'yan sanda, ya ɗaure igiya da kyau. Ba itace a ƙafa, ba damar waiwayen hannuna. Fo Kwami ya raɗa mini cewa shi dai ya yi addu'a irin tasu, ni ma in yi irin tamu, a ga wadda za ta riga isa.

Muka yi waƙar jam'iyya, wannan ko gawa za ta iya. Sannan Masta ya buga diddige sau huɗu muka shiga sitanda. Jama'a, ya busa. Daga ka yake yi, yana ƙirga a ciki, kowane akor yana kai masa ziyara a kan lokaci kamar yana jinmu. Mu uku muka zuba wa kafaɗarsa ido, in ya ja mu ja, in ya saki mu saki. A zagaye na biyu ya riga mu shiga gada da mezir guda, muka yi tsalle tare muka same shi a can, ko cokali bai tsaya a babban tebur ba. Da muka zo ƙarshen gada sai na shiga lungu. Ba gwaji na yi niyya ba, hannuna ne ya yi sallama yadda ya saba. Na taka Re bemol, na jira La bemol. Bai zo ba. Masta ya wuce ta babban titi, tsaf, ba kuskure ko ɗaya, ya shiga gida. Kamar yadda na gaya muku, ba wanda zai ji an rabu. Wallahi ban taɓa jin kaɗaici irin na lokacin nan ba, ga shi a gabana, in na miƙa hannu zan taɓa rigarsa.

Aka tafa. Wani baƙo ya miƙe tsaye yana tafawa. Manaja ya zo yana washe baki, ya ce mu zai riƙe, tsoho bai taɓa busa kamar yau ba, ashe takalmi ne ya rage masa.

Na same shi a bayan kicin, bakin famfo, ya tuɓe takalmin zai yi alwalar la'asar. Na tsuguna a gabansa yadda zai ga bakina.

Ya ce, "Na ɓace?"

Na ce, "A'a, Masta. Mu aka riƙe."

Ya ce, "Salifu."

Na ce, "Sau ɗaya ka riga mu shiga gada. Mun biyo ka."

Ya ce, "Kun biyo ni." Ya zuba ruwa a ƙafa. "Ka bi lungu?"

Na gyaɗa kai.

"A ina?"

"Ƙarshen gada."

Ya daɗe yana wanke ƙafa ɗaya. Sannan ya ce, "Na kurumce, Salifu."

Na ce hayaniyar kicin ce, masu wanke kwano ba su da hankali.

Ya ce, "Bari. Manaja zai iya biyan mutum ya busa shi kaɗai, uku suna binsa a baya da tsintsiya. Ni ba wannan na koya maka ba."

Na ce gobe katako zai koma wurinsa. Ya ce gobe wani mai baji zai zo, otal ɗin nasu ne. Gaskiyarsa kuwa, ba a yin mako ba liyafa. Ya gaya wa manaja ƙirjinsa ne yake ciwo, ya kawo wani saurayi daga Bè ya sa a wurinsa. Saurayin yana da kunne, yana da huhu, na yi shekaru ina aiki da shi, mutumin kirki. In na shiga lungu yakan biyo ni wani lokaci, bayan na fita.

Masta ya kafa tebur a sabon Zongo yana sayar da kananzir da ashana. Ya ce sana'a ce mai kyau ga kurma, ba ciniki a cikinta. Iyalinsa sun sha wuya, ba zan ɓoye muku ba, matarsa ta yi shekara ba ta amsa gaisuwata don tana ganin da ni aka haɗa baki. Amma duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga shi da akwatin ƙaho. In shimfiɗa katako a tsakar gidan nan, ya tuɓe takalmi, ya hau. Ba fiyano, ba ganga, ba mai tafi, sai awakin maƙwabta. Ya kira waƙa, mu tafi kasuwa, mu haye gada, in nemi inda ba ya tsammani in zame. La bemol ɗin nan ban ƙara rasa shi ba har Juma'ar da aka aiko cewa ba zai zo ba.

To, ku tashi daga kai. E, shi ne kuke zaune a kansa tun ɗazu kuna kaɗa ƙafa. Ku sauke shi daga bulo, a hankali, ƙofar ubana ce. Ga gurbin ƙusa nan. Kai mai jar hula, cire wannan abin daga kunnenka, ka toshe kunnuwan da yatsu. Tuɓe takalmi. A'a, ba nan ba, matsa can inda itacen ya yi santsi wuri biyu, nan yake tsayawa. Zan ja maka kasuwa, bakin layi, gida, ba zan yi sauri ba. In ka ji na shiga lungu, ka ɗaga hannu.